Ƙafar Inna da Hoton Auta

Da sunan Allah mai jarrabar bawa da cuta, mai kuma ba shi lafiya. Na zauna rubuta wannan ne bayan Inna ta koma taka ƙasa da ƙafarta, don masu tsofaffi a gida su san abin da ciwon suga yake yi wa ƙafa tun kafin mai ita ya ankara. Amma gara in faɗa tun farko, jinyar nan da kishi na yi ta, kuma ba kishin kowa ba ne sai na ƙanwata da muka fito ciki ɗaya.

Sunana Saude, ni ce 'yar farin Inna. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yabona a gaban kowa. In tana nemana sai ta ce "ke", in kuma da wani take magana sai ta ce "waccan". A hannun kakata na girma, kuma ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, kunya ce irin ta iyaye. Ƙanwata Maryam kuwa, wadda kowa yake kira Auta, sunanta ba ya barin bakin Inna daga safe zuwa yamma. Ita ce ta yi karatu mai nisa har take digiri na biyu a jami'a a Kano. Ni ina aure a Kura, Inna tana ƙauyenmu a gefen kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani, ta wajen Bunkure, kuma sana'armu ɗaya da ita, turara shinkafa.

Ciwon ya fara ne a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyuka. Inna ta riƙa shan ruwa kamar mai aikin gona a bazara, tana yawan zagawa, zanenta yana yi mata yawa. Na ga kiyashi yana taruwa a inda take fitsari, na faɗa wa Gwaggo Tabawa, yayar mahaifinmu, ta ce tsufa ne. Rannan na je taya Inna kwashe shinkafa daga tukunya, sai na ji ƙaurin wani abu da ba buntun shinkafa ba. Ina dubawa na ga garwashi maƙale a ƙarƙashin babban yatsanta na dama, tana tsaye a kansa tana ba ni umarni. Ko kaɗan ba ta ji shi ba. A ranar na koma Kura na ɗebo kayana, maigidana ya ce in je in zauna sai ta warke.

Makon farko da na biyu na masu shawara ne. Gwaggo Tabawa ta ce a cika ƙunar da toka. Kawu Sale, ƙanin Inna, ya kawo wani baƙin gari daga kasuwar Garun Mallam. Wata maƙwabciya ta ce a dama gishiri mai kauri a ruwan kanal a tsoma ƙafar, wai sai ya ciza sannan yake aiki. Duk mun yi. Gyambon ya ƙara faɗi, ya fara wari, ƙudaje suka gane gidanmu. Ni nake wankewa, ni nake wanke tsummokaran, har ya zama ko tuwo na ɗauka warin nake ji a hannuna.

A mako na uku na ɗora ta a motar kasuwa muka tafi asibiti. Mun isa da sassafe muka tarar da layi ya fito har bakin ƙofa, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Aka gwada jini aka ce suga ne, kuma ya daɗe a jikinta. Likitan ya danna gefen gyambon da yatsa ya ce wata magana da ban manta ba: "In ya kai ƙashi, ba ni da abin yi sai wuƙa." Ya rubuta ƙwayoyi, ya hana ta shayi mai suga da farar shinkafa. Sai da na sayar da shinkafar da nake jira ta yi tsada kafin kuɗin maganin ya haɗu. Daga ranar abin da nake kwana da shi nake tashi da shi ɗaya ne, kada a yanke wa Inna ƙafa.

Ranar Asabar Auta ta iso da jakarta. Tun daga zaure Inna ta ji muryarta ta gyara zama, ta ja zane ta rufe ƙafar, baki har kunne. Auta ta zo da labari. Bincikenta a jami'a a kan yadda gishiri da takin zamani da makamantansu suke narkewa a ruwa ne, har ta sha ɗibar ruwan kanal ɗinmu a kwalabe tana kaiwa can. To yanzu malamarta ta haɗa kai da wani malami mai zana hotunan littattafan labarai, da wasu masu nazarin ƙaramar na'urar gwada suga, suna son su gano ko mutanen karkara za su iya kula da ciwon a gida in aka ba su na'urar da littafi mai hotuna zalla. Suna neman masu ciwon a garuruwan noman rani, ta kuma ba da sunan Inna. Gaskiya na yi murna, har na dafa musu dambu ranar da za su zo.

Suka zo da farar mota, malamar da mai zanen da wani saurayi mai riƙe da na'urar. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Na fito daga bayan ɗaki riƙe da robar wankin ciwo, hannuna jiƙe, daidai lokacin da malamar take tambaya.

"Inna, wa yake jinyar taki? Shi za mu koya wa aikin."

Inna ta sunkuyar da kai. Ina tsaye a gabanta, inuwata ma a kan tabarmarta take. Sannan ta nuna da haɓa ta ce, "Ga Auta nan."

Na san dalili. Ba za ta iya nuna 'yar farinta a gaban baƙi ta ce ga mai wahala da ni ba. Gwaggo ma ta sani, Kawu ya sani, kowa a tsakar gidan ya sani banda baƙin. Amma sanin dalili bai hana abin yi mini ciwo ba. Auta ta buɗe baki za ta yi magana, malamar ta ce ai ma ya fi sauƙi tunda ɗalibarsu ce. Shi ke nan aka wuce wurin.

Mai zanen ya ce yana son ya ga yadda ake wankin. Aka karɓi robar daga hannuna aka ba Auta. Ta durƙusa, ta ɗora ƙafar Inna a cinyarta a naɗe yadda na naɗe ta da safe, ta ɗan karkata kai. Mutumin yana da hannu, ba zan hana shi nasa ba. Kafin dambu ya huce ya fitar da Inna sak, har da tsagen kumatunta, ga Auta a gabanta kamar wadda ta shekara tana jinya. Robar tawa ce, tsumman ni na wanke shi, zanen da Auta ta ɗaura a kan doguwar rigarta ma nawa ne. Inna ta karɓi takardar ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kai, har da wushiryarta." Ni ko kallo ban ishi kowa ba.

Da aka zo koyarwa na koma bakin ƙofar kicin na jingina, ina yi kamar tsintar wake nake. Ba abin da ya wuce ni, don mai kishi ba ya ƙyafta ido. Auta ce ta yi bayanin ruwan wankin, kuma ko ina jin haushinta na san ta iya. Ta ce a daina amfani da ruwan kanal, akwai taki da maganin feshi narke a ciki ko da ido yana ganinsa garau. A tafasa ruwan burtsatse, a bari ya huce, a zuba a kwalbar da suka kawo, a sa gishiri daidai da ɗan murfin awo. In gishirin ya yi yawa yana cinye sabon naman da yake tsirowa, in ya yi kaɗan kuma naman yana jiƙewa ya yi laushi. Gwaggo ta taɓe baki ta ce gishirin da bai ciza ba ai miya ce. Sai saurayin ya nuna yadda ake tsira ɗan yatsa a ɗiga jini a kan 'yar takarda, lamba ta fito. Ya kuma ce suga ba hawa kawai yake yi ba, yana faɗuwa, kuma faɗuwar ta fi saurin kisa.

Da za su tafi suka bar mana kwalba da murfin awo. Na'urar kuwa aka sa ta a jakar Auta, don dokarsu ita ce wanda aka koya wa ne kaɗai zai taɓa ta, kuma da ita za a gwada wasu masu ciwon a Kadawa. Ranar Lahadi da yamma Auta ta hau mota ta koma Kano da ita.

Haka muka yi makonni. Tsakiyar mako ni da ƙafa da kwalba, ƙarshen mako Auta da na'ura. Ruwan gishirin ya yi aiki, warin ya ragu, gefen gyambon ya fara ja. Duk wanda ya zo dubiya Inna za ta ce masa, "Ruwan Auta ne." Da littafin ya fito aka kawo mana guda, ta sa shi a ƙarƙashin matashinta. Mata suna zuwa daga maƙwabta don kawai su ga Auta a littafi, ni kuma in kawo musu ruwan sha. Na riƙa jin haushin har takun takalminta. In ta kawo wa Inna lemo sai in ga ya yi tsami da yawa, in ta ce "Sannu Yaya" sai in ji kamar da gayya ta faɗa.

Wata Alhamis da hantsi ina shanya tsummokara na ji kwano ya faɗi a ɗaki. Na tarar da Inna ta jiƙe sharkaf da gumi, hannunta yana rawa, tana magana ba kai ba gindi. Ashe azumi ta ɗauka a ɓoye, ta kuma haɗiyi ƙwayarta da asuba ba ta ci komai ba. Gwaggo ta ce iska ce, a kawo hayaƙi. Kawu Sale ya ce suga ne ya hau kanta, a jiƙa ɗarbejiya a ɗura mata. Ni kuma maganar saurayin nan ta faɗo mini, amma ba ni da na'urar da zan tabbatar. Na karɓi wayar Kawu na ruga kan gadar kanal, don a nan kaɗai take kamawa. Ba da son raina ba na danna lambar Auta.

"Yaya, ta ci abinci?"

"Azumi take."

"Tana iya haɗiya?"

"Tana iyawa."

"To ki dama suga a kofin ruwa, ki juya har ya narke sarai, ki ba ta kaɗan-kaɗan. Yanzu, Yaya, kar ki tsaya jin ta bakin kowa. Ga ni nan tafe."

Da na koma na buɗe gwangwanin suga Kawu ya riƙe mini hannu. "Saude, mai ciwon suga za ki ba suga? In ta mutu ke kika kashe ta." Ban taɓa yi wa Kawu musu ba sai ranar. Na ce ya sake ni, in ta mutu a ce ni ce. Na tallafo kanta ina ba ta da cokali. Can rawar ta lafa, idonta ya dawo daidai. Ta dubi rufin ɗaki, ta dubi Gwaggo, kanta yana kan cinyata, ta ce, "Auta ta zo?"

Na ajiye kofin na fita bayan gida na yi kuka mai isata. Kukan farin ciki ne da na baƙin ciki a haɗe, kuma na baƙin cikin ya fi yawa.

Auta ta iso da azahar, ta gwada, ta ce mu wuce Kano. Daga ranar ta roƙi malamarta aka bar mana na'urar, ta kuma koya mini abin da na riga na iya, ban nuna mata na iya ba. A babban asibiti aka ɗauki hoton ƙafar aka ce ƙashin babban yatsan ya taɓu, sai an cire shi. Aka cire. Muka yi makonni a kwance, ni a tabarma a ƙarƙashin gado, ina bin layin magani, layin ruwa, layin biya. 'Yan takardun na'urar da aka ba mu suka ƙare, na gano tsadarsu ta fi ta ƙwayoyin, awakina biyu suka tafi a nan. Ma'aikatan jinya sun kyauta mana, Allah ya saka musu. Amma littafin ya riga mu zuwa ɗakin, duk ranar da Auta ta shigo sai su ce, "Ga ta cikin littafi." Ɗaya daga cikinsu ta taɓa tambayata ko 'yar aiki ce ni.

Da za a sallame mu likita ya ce mu dawo bayan 'yan makonni. In wurin ya cike, ƙafa ta tsira. In ya koma ruɓa, za a yanke daga idon sawu. Muka koma gida daidai lokacin da jami'a ta ba da hutu, Auta ta tare a ɗakin Inna. Ni kuma na cika fam. Yarana sun daɗe a hannun maƙwabta, tukunyata ta yi tsatsa. Na ɗaure kayana na ce wa Gwaggo, yadda Inna za ta ji, "Tunda mai jinya ta samu hutu, ni zan koma ɗakina." Inna tana jan carbi, ba ta ɗago ba.

A nan zan tsaya in ja kunnen mai karatu. In tsohonka yana yawan shan ruwa yana ramewa, a gwada jininsa. A riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, don shi ba zai ji ba. Kada a sa toka, kada a sa ruwan kanal. Mai shan ƙwayar suga kada ya ɗauki azumi sai ya tambayi likita. Su kuma malaman jami'a, na gode musu har zuciyata, ruwansu da na'urarsu sun yi mana rana. Amma in sun shiga gida irin namu, su daina tambayar tsohuwa wa yake jinyarta a gaban jama'a. Su ja wata gwaggo gefe su tambaye ta.

Ban cika mako a Kura ba, ina tsakar gida ina baza shinkafa a shanya, sai ga Auta ta shigo ko sallamar kirki babu. Idonta ya kumbura.

"Yaya, ki tashi mu tafi."

"Ina na'urarki? Ina littafinki?"

"Tun ranar da kika tafi ba a wanke ƙafar ba. Na tafasa ruwa, na auna gishiri, na durƙusa, sai ta ja zane ta rufe. Wai in je in huta, wai warin zai hana ni cin abinci. Na yi roƙo, na yi faɗa. Gwaggo ta gwada, Inna ta ce hannunta da nauyi. Jiya na ji wari daga bakin ƙofa."

Na ce, "Ai ke ce 'yar gaban goshi, ki lallashe ta."

Sai ta zauna a kan buhu ta fashe da kuka. "Kin san ban taɓa ganin gyambon nan ba? Ko sau ɗaya. Duk ranar da na zo a rufe yake. Hoton ma a naɗe na riƙe ƙafar. Ni ce ta nuna wa baƙi, ni ce ta lemo da hira. Ranar da ta suma a cinyarki ta suma. Kina ganin ban ji haushinki ba? Ni take kira da suna, amma ke take miƙa wa ƙafa."

Na tsaya da matankaɗi a hannu. Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai abin da Auta za ta yi kishina a kansa ba. Na tattara shinkafar da ɗanyenta na ɗauki mayafi.

Muka tarar da Inna a zaune ta juya wa ƙofa baya. Na gaishe ta, ta amsa wa bango. Na tafasa ruwa, Auta ta auna gishirin da hannunta ta girgiza kwalbar. Ina durƙusawa, Inna ta ce wa Gwaggo, "Ku ce wa waccan ta yi a hankali, wurin ya kwana biyu." Ta yaye zanen da kanta ta ɗora ƙafar a cinyata. Na ce wa Auta ta matso ta riƙe mini robar. Inna ta buɗe baki za ta kore ta, na ce, "Hannuna biyu ne, Inna." Sai ta ƙyale ta. Auta ta ga wurin, ta runtse ido, amma ba ta saki robar ba. Gefe ɗaya ya yi ruwa, sai dai bai yi baƙi ba. Daga ranar safe da yamma tare muke yi, ita ruwa da na'ura, ni wanki da naɗi, muna yi muna ƙananan faɗa a kan wa ya bar kwalba a buɗe.

Ranar komawa asibiti ban iya karyawa ba. Likita ya kwance naɗin, ya danna nan, ya danna can, ya sunkuya ya shinshina. Sannan ya miƙe ya ce, "Hajiya, ƙafarki taki ce. Ba za mu taɓa ta ba. Wa yake yi miki wankin nan?"

Inna ta sunkuyar da kai. Na riga na san amsar, na ɗaure fuska ina jira.

"Yayata ce," in ji Auta da sauri. "Saude."

Likita ya ce sannu da ƙoƙari. Inna ta gyara mayafi ta dubi taga ta ce, "Allah dai ya yi wa kowa albarka." Iyakar abin da na samu ke nan, kuma har yau ban samu fiye da shi ba. In na ce abin ya daina yi mini ciwo na yi ƙarya.

Muka fito, akwai matakala kafin a kai inda motoci suke tsayawa, ga ƙafa ba babban yatsa, ba ta saba ba tukuna. Auta ta miƙa mata hannu. Inna ta kama 'yan yatsunta sama-sama, tana tambayarta yaushe za a koma makaranta, ko ta ci abinci, ko kuɗin motarta zai isa. Ɗaya hannun kuma, ba tare da ta waiwayo ba, ta lalubo kafaɗata ta damƙe. Har muka sauka da Auta take hira, nauyinta gaba ɗaya yana kaina.